Kaset Mai Ruwan Ɗorawa: Tarihin Gem Daga Kyoto Zuwa Maigatari



Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Gumel, Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar a shekarun 2000, da wuya a ce bai taɓa riƙe wani kaset ɗin roba mai ruwan ɗorawa ba, wanda aka manna wa takarda mai hoton sojoji da motoci, aka rubuta masa 9999999 a goshi. Mukan hura masa iska da baki, mu danna shi cikin na'ura, mu baje a tabarma gaban talabijin muna jiran hoto. Idan hoton ya fito a daddatse, sai a zare a sake hurawa. A lokacin babu wanda ya damu da sanin inda abin ya fito ko wanda ya ƙera shi. Sunansa gem, shi ke nan.

Sai da muka girma muka fara karance-karance, sannan muka gane cewa na'urar da muka sani kofi ce ta wata na'urar Japan wadda ta girme mu nesa ba kusa ba. Muka kuma lura cewa tarihin gem da ake rubutawa, labarin waɗanda suka ƙera ne da waɗanda suka saya sabo a kwali a Tokyo ko New York. Hanyar da abin ya bi ya iso bakin iyakarmu da Nijar daban take: hanyar kofi ce, da kayan gwanjo, da karo-karon naira goma-goma. Yau za mu bi hanyoyin biyu, mu ga inda suka haɗu.

INDA ABIN YA FARO

Mutumin da ake jingina wa ƙirƙirar gem ɗin gida shi ne Ralph Baer. An haife shi a Jamus a 1922, iyayensa Yahudawa ne, suka gudu da shi Amurka a 1938 saboda zaluncin gwamnatin Hitler. Ya karanci aikin injiniyan talabijin, kuma a 1966 ya zauna ya rubuta wani tunani: tunda talabijin ya shiga gidajen mutane, me zai hana a yi wasa da shi, ba kallo kaɗai ba? Daga nan ne kamfanin Magnavox ya fitar da na'urar Odyssey a 1972. Ba ta da sauti, ba ta ƙirga maki, abin da take nunawa 'yan ɗigogi ne farare suna yawo a baƙin allo. In ana son launi, wata leda mai zane ake mannawa a fuskar talabijin.

A wannan shekarar ce Nolan Bushnell da Ted Dabney suka kafa kamfanin Atari a jihar Kalifoniya. Wasansu na farko da ya karɓu shi ne Pong, mai kama da ƙwallon tebur, wanda injiniya Allan Alcorn ya haɗa. Sun ajiye shi a wata mashaya don gwaji, a jefa sulalla a buga. Ba a daɗe ba aka kira su cewa na'ura ta tsaya. Da aka buɗe ta, sai aka tarar lafiyarta ƙalau, ma'ajin kuɗin ne ya cika ya toshe.

Na'urorin farko duk wasansu a ciki yake, in ka gaji da shi sai dai ka sayi wata na'urar. Tawagar da ta fitar da na'ura mai kaset ɗin da ake cirewa a sauya, wani baƙar fata ɗan New York ne ya jagorance ta, Jerry Lawson, a kamfanin Fairchild. Na'urarsu mai suna Channel F ta fito a 1976. Kaset ɗin da muke hurawa jikan wannan aiki ne. A 1977 Atari ya fitar da tasa, wadda daga baya aka sani da Atari 2600, ta mamaye Amurka, musamman bayan an saka mata wasan Space Invaders a 1980.

Daga nan kowa ya ga kuɗi. Kamfanoni barkatai suka shiga buga kaset, har waɗanda ba su san komai a harkar ba, kasuwa ta cika da wasanni marasa inganci. Shi kansa Atari ya sa an haɗa wasan E.T. cikin mako biyar kacal don ya riski cinikin Kirsimetin 1982, mutane suka saya suka riƙa mayarwa. Kasuwar da ta kai kimanin dala biliyan 3 a 1983 ta faɗo zuwa kimanin dala miliyan 100 a 1985. A 1983 Atari ya kwashi kaset kusan 700,000 ya binne a bolar garin Alamogordo da ke jihar New Mexico. Shekaru da yawa wasu na ɗaukar zancen a matsayin almara, sai a 2014 aka tona wurin aka gan su.

KAMFANIN KATI DA YA FARFAƊO DA KASUWA

Nintendo ya girmi talabijin kansa. An kafa shi a Kyoto a 1889, sana'arsa buga katin wasa na gargajiyar Japan. Ya taɓa kayan wasan yara kafin ya faɗa harkar lantarki. Ranar 15 ga Yuli 1983 ya fitar da na'urar Family Computer, wadda aka gajarce zuwa Famicom, a kan yen 14,800. Injiniya Masayuki Uemura ne ya tsara ta. A 1985 aka sauya mata riga aka kai ta Amurka da sunan NES, kuma a shekarar ce Shigeru Miyamoto ya fitar da Super Mario Bros.

Siffar Mario ma ƙarancin kayan aiki ne ya haife ta tun a wasan Donkey Kong na 1981. Ɗigogin hoto ba su isa a zana gashi ba, sai aka sa masa hula. Ba su isa a zana baki ba, sai aka yi masa gashin baki. A cikin Super Mario Bros. kuwa, gajimaren sama da ciyayin ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Wasan gaba ɗayansa kilobayit 40 ne, bai kai nauyin hoto guda da muke turawa a WhatsApp ba.

Ga abin da ya shafe mu. Nintendo ya ɗauki darasi daga faɗuwar Atari, don haka ya saka wa NES ta Amurka da Turai wani ɗan makulli na lantarki, wanda ke ƙin duk kaset ɗin da kamfanin bai amince da shi ba. Ita kuwa Famicom ta Japan, da yake ta riga fitowa, ba ta da wannan makulli. Masu kofi suka bi ta ƙofar da aka bari a buɗe. Shi ya sa kaset ɗinmu gajere ne mai haƙora 60 irin na Japan, ba dogon nan mai haƙora 72 na Amurka ba.

ME YA SA TA ASALI BA TA ZO MANA BA?

Dalili na farko kuɗi ne. Lokacin da Nintendo ke cin kasuwar duniya, lokacin ne naira ta fara zubewa. A 1985 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja a farashin gwamnati. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin SAP, kafin 1993 sai an ba da kusan naira 22 a karɓi dala ɗaya. Ko a shekarar 2000 da PlayStation 2 ta fito a kan dala 299, dala tana wajen naira 100, mafi ƙarancin albashi kuma naira 5,500. Wato na'ura ɗaya ta haura albashin wata biyar na ƙaramin ma'aikaci, ba a yi maganar kuɗin faifai ba.

Na biyu, wutarmu da talabijin ɗinmu ba irin nasu ba ne. Japan na amfani da wuta mai ƙarfin bolt 100, Amurka 120, mu kuwa 230. Wanda ɗan uwansa ya kawo masa tsarabar gem daga Amurka, in ya jona kai tsaye ba tare da na'urar rage wuta ba, hayaƙi zai gani. Haka tsarin launin hoto: a wancan lokacin Japan da Amurka suna kan NTSC, Najeriya tana kan PAL, Nijar kuwa ta bi Faransa a kan SECAM. Mu da ke bakin iyaka mun ga wannan da idonmu, don akwai talabijin ɗin da in ya tsallako daga wancan ɓangaren, hoton gem baƙi da fari yake nunawa.

Na uku, manyan kamfanonin sun mayar da hankalinsu kan Japan, Amurka da Turai. Sauran duniya sai masu kofi suka ɗauke ta. A Taiwan kamfanin UMC ya kwaikwayi ƙwaƙwalwar Famicom, aka riƙa ƙera na'urori irin su Micro Genius. Daga baya masana'antun kudancin ƙasar Sin suka karɓa, aka dunƙule dukkan kayan cikin na'urar a ɗigon baƙin gam guda ɗaya a kan ɗan allo. Wanda ya taɓa kwance gem ɗin kaset zai tuna mamakin da ya sha: akwatin kusan fanko ne. A Rasha an sayar da irin wannan kofi da sunan Dendy tun 1992, a Poland ana ce mata Pegasus. Akwai baƙar nan mai suna Terminator, akwai PolyStation da aka yi wa siffar PlayStation alhali in ka ɗaga murfin, ramin kaset za ka gani. Akwai kuma mai allon rubutu irin na kwamfuta, wadda iyaye da yawa suka saya da niyyar yaro ya koyi karatu. Ashe yaran Mosko da na Gumel abu ɗaya suka buga, kowa yana zaton nasa ne na asali.

Lambar nan ta 9999999 kuwa yaudarar kasuwa ce. Wasannin ciki ba su wuce 'yan ƙalilan ba, sai a riƙa maimaita su: wannan ya fara daga mataki na uku, wancan an sauya wa sama launi, wani an ƙara maka rai. Duk da haka abin da ke ciki zaɓaɓɓu ne. Akwai Contra na kamfanin Konami, inda mutum biyu ke yaƙi tare, kuma wanda ransa ya ƙare yana iya satar ran abokinsa, abin da ya sha haddasa faɗa tsakanin wa da ƙani. Akwai wasan tankar yaƙi, wanda asalinsa Battle City ne na kamfanin Namco na 1985, inda ake gadin wata mikiya da aka kewaye da bulo, kuma wani lokacin abokin wasanka ne zai harbe ta da kansa. Akwai Circus Charlie mai tsallake zoben wuta a kan zaki. Akwai Duck Hunt na harbin agwagi, da karen nan mai yi maka dariya in ka kuskure.

Bindigar robar nan ba ta harba komai. Ido ne da ita a baki. In ka danna kunama, allon yakan yi baƙi na ƙiftawar ido, sai farin murabba'i ya bayyana daidai inda agwagwar take. In idon bindigar ya ga fari, ka samu. Da tsohon talabijin mai ƙeya take aiki, shi ya sa ko ka samu bindigar a yau, ba za ta yi maka komai a kan talabijin ɗin bango ba.

HANYAR DA YA BIYO

Kayan lantarki na shigowa Arewa ta hanyoyin da aka sani. Akwai ta Legas, musamman kasuwar Alaba, a ɗoro mota zuwa Sabon Garin Kano. Akwai 'yan kasuwar Kano da ke zuwa Dubai da Guangzhou da kansu. Akwai kuma tsohuwar hanyar tashar jiragen ruwan Kwatano, inda a da kaya ke haurowa Nijar, su biyo ta Maraɗi da Damagaram su gangaro Najeriya. Hanyar ta yi suna har ta bar mana kalma: duk abin da aka yi amfani da shi a Turai aka kawo mana, ɗan Kwatano ne. A bakinmu gem kashi uku ne, akwai orijina, akwai ɗan Kwatano, akwai ɗan Caina, kuma na farkon jin sunansa muka fi yi.

Daga Kano kaya ke watsuwa zuwa kasuwannin mako, cikinsu har da ta Maigatari da ke ci ranar Alhamis. Duniya ta san kasuwar da raƙuma da shanu da awaki masu zuwa daga Nijar, da riɗi da zoɓo. Mu yara kuwa rumfunan 'yan koli da masu rediyo muka sani, inda ake rataye kaset kusa da batir da tocila, da ɗan gem ɗin hannu na jera bulo. Shi ma wannan yana da asali. Wasan Tetris ne, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984, Nintendo ya haɗa shi da na'urar hannu ta Game Boy a 1989, masu kofi suka mayar da shi abin da batir biyu ke tayarwa. A gidajen da babu wuta ko talabijin, shi ne gem na farko da ya fara shiga, kuma shi ne wanda yayyenmu mata da ƙannenmu mata suka fi samun damar bugawa.

ZAMANIN GIDAN GEM

Yayyenmu sun riski Sega. Na'urar Mega Drive ta fito a Japan a 1988, Sonic ya biyo a 1991, kuma a kanta da yawansu suka fara ganin Mortal Kombat da Street Fighter. Wanda ya sauya komai kuwa shi ne Sony. Da farko Sony da Nintendo sun yi yarjejeniyar haɗa na'ura mai amfani da faifan sidi, sai Nintendo ya juya baya a 1991 ya koma wajen Philips. Injiniya Ken Kutaragi ya matsa wa shugabanninsa su ci gaba su kaɗai, PlayStation ta fito ranar 3 ga Disamba 1994. An sayar da fiye da miliyan 100. PlayStation 2 ta shekarar 2000 ta haura miliyan 155.

Faifai ya fi kaset arha wajen bugawa, ya kuma fi sauƙin kofi. Da zarar mai gyara ya liƙa wa na'ura wani ɗan cif, za ta karanta faifan kofi. Wannan, tare da 'yan Kwatanon PlayStation da Turawa suka gama yayinsu, da ɗan ƙaramin janareta mai shan fetur haɗe da baƙin mai, su suka haifi gidan gem kamar yadda muka san shi: shago ɗaya, benci biyu, talabijin biyu ko uku, da yara cike har bakin ƙofa. A Japan da Amurka an ƙera na'urar don ɗakin yaro ɗaya. A wurinmu na'ura ɗaya ta unguwa ce.

Gidan gem yana da dokokinsa da ba a rubuta ba. A zamaninmu wasa ɗaya naira 20 ne, daga baya ya koma 50. Wanda aka ci shi ke biya, ko ya miƙa hannu ga na gaba. Akwai hannun da kowa ke gudu saboda maɓallinsa ya saki, kuma duk wanda aka lallasa, hannun zai ɗora wa laifi. In idon PlayStation ya gaji, mai gem ya kifa ta ko ya jingine ta a tsaye, a yi tsit ana jiran tambarin ya wuce. In janareta ya mutu ana tsakiyar wasa, sai musu ya tashi kan wanda ke gaba da ƙwallo nawa. Marar kuɗi ba a korarsa, ya tsaya a baya yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba.

Ƙwallo ce sarauniyar gidan gem, musamman Winning Eleven na Konami, wanda aka fi sani daga baya da PES. Faifai da yawa na Japan ne, rubutun ciki duk Japananci. Ba mu iya karanta ko harafi ɗaya ba, amma mun haddace cewa layi na biyu ka danna, sannan na huɗu. Har muryar mai sharhin muke kwaikwaya ba tare da sanin me yake faɗa ba. A cikin wannan wasa ne kuma muka ga namu. Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna, wanda ya buga wa Ajax ta Holan, yana cikin tawagar da ta ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, bayan an doke Brazil 4 da 3, an doke Ajantina 3 da 2. Masu haɗa wasan sun ba shi gudun da ba a kamawa, har sunansa ya zama abin tunawa ga masu buga gem a ƙasashen Asiya da ba su taɓa jin sunan Kaduna ba. Sony ya daina ƙera PlayStation 2 a farkon 2013, amma a wurinmu ta ci gaba da aiki shekaru bayan haka, ana loda mata wasa a filashi, da 'yan wasan bana a cikin wasan da ya tsufa.

Iyayenmu ba su so gidan gem ba, kuma suna da hujja. Canjin aike ya sha maƙalewa a can. An sha tsallake Islamiyya, an sha dukan da ya biyo baya. Wasu wuraren sun koma sa kuɗi, wato caca. Wannan fargaba ba tamu kaɗai ba ce. A Disamba 1993 majalisar dattawan Amurka ta zauna kan zubar da jinin da ke cikin Mortal Kombat, abin da ya kai ga kafa hukumar ESRB a 1994, mai rubuta shekarun da suka dace a jikin kowane wasa. Faifan kofi da ya zo mana a leda ba ya ɗauke da wannan gargaɗi, don haka aikin tacewa ya koma kan mai gem da iyaye, waɗanda galibi ba su taɓa zama sun ga abin da ke ciki ba.

ABIN DA YA BARI

Layin salula ya shigo Najeriya a 2001, wasan macijin Nokia ya shiga aljihu, daga baya manyan wayoyi suka zo da komai. Gidajen gem na nan har yau da sababbin na'urori, amma gem ɗin kaset ya ɓace. A can inda aka ƙera shi, an mayar da shi kayan tarihi. Nintendo ya fitar da ƙaramar NES mai wasanni 30 a 2016, ta ƙare a kasuwa nan da nan. A 2021 an sayar da kaset ɗin Super Mario Bros. guda ɗaya da ba a taɓa buɗewa ba a kan dala miliyan 2. A 2024 kamfanin ya buɗe gidan tarihinsa a garin Uji kusa da Kyoto. Namu kuwa 'yan jari-bola ne suka auna su a sikeli.

Akwai wani gado da ya fi wannan nauyi, kuma yana hannun masu kofin. Gem mai allon rubutu da ya fi shahara a ƙasar Sin shi ne Subor, na wata masana'anta a garin Zhongshan wadda Duan Yongping ya jagoranta daga 1989. A 1995 ya bar ta ya kafa kamfanin BBK, kuma daga BBK ne wayoyin Oppo da Vivo suka fito. UMC da ya kwaikwayi ƙwaƙwalwar Famicom, yau yana cikin manyan masu ƙera cif a duniya. Waɗanda muke yi wa dariya da sunan ɗan Caina, a kan wannan kofin suka koyi aiki, kuma wataƙila da wayarsu wani ke karanta wannan rubutu.

Ƙasashen nan biyu sun gina masana'antunsu na lantarki da taimakon yankunan kasuwanci na musamman, inda ake sauƙaƙa haraji don a ƙera kaya a fitar waje. Taiwan ta buɗe na Kaohsiung a 1966, Sin ta buɗe na Shenzhen a 1980. Irin wannan tunani ne ya sa aka kafa yankin ciniki maras shinge na Maigatari a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya mulki Jigawa daga 1999 zuwa 2007. Muhimmancin wannan iyaka ba a ɓoye yake ba: lokacin da gwamnatin tarayya ta fara buɗe iyakokin ƙasa a Disamba 2020 bayan rufewar 2019, Maigatari na cikin huɗun farko, tare da Seme, Illela da Mfum. Sai dai har yau abin da muka fi fitarwa ta nan shi ne abin da gona da garke suka bayar, kayan lantarki kuwa shigowa suke yi.

Ba za mu ce gem bai bar mana komai ba. Da yawa daga cikin masu gyaran waya a garuruwanmu da kasuwar Farm Centre ta Kano, hannun gem ne abu na farko da suka fara kwancewa, su goge robar maɓalli, su ɗaure wayar da ta tsinke. Da yawanmu a gaban gem muka fara sanin yadda ake bin jerin zaɓi a allo, tun kafin mu taɓa kwamfuta a makaranta. A Legas an samu kamfani irin Maliyo Games tun 2012, mai haɗa wasannin waya da labaran gida. Mu ma muna da dara da langa da dambe, muna da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, waɗanda ba su gaza labarin mai gyaran famfo da ke tsallake kunkuru ba. Tazarar da ke tsakanin mai gyara da mai ƙerawa ita ce wadda mutanen Zhongshan suka tsallake a cikin shekaru kaɗan.

Kafin nan, akwai aikin da ya fi kusa. Sunan wanda ya fara buɗe gidan gem a Gumel ko Maigatari, da shekarar da ya buɗe, da inda ya sayo na'urarsa, duk suna bakin yayyenmu da kawunnanmu, ba su shiga takarda ba. Wanda ke da irin wannan mutum a gida, ya zauna da shi ya tambaye shi, ya rubuta abin da ya ji ya kawo mana nan. Wanda kuma ya ci karo da kaset mai ruwan ɗorawa a ƙasan akwatin tsofaffin kaya, don Allah ya ɗauki hotonsa, ya adana shi, kada ya bari a auna shi a sikeli.